Haraji Bai Faɗi Da Kansa Ba

Wannan shi ne jawabin da ɗaya daga cikin ma'aikatanmu na raya karkara ya yi wa wakilan kwamitocin ƙauyuka da suka taru a Gammo daga ƙasar Kabo da ta Gwarzo. Mun buga shi domin waɗanda ba su samu zuwa ba. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Na san mutanen Getso da Kutama tun da asuba suka taso, na Garo da Godiya da Dugabau kuma sun bar aikin gona a tsaye. Ku ba ni aron hankalinku na ɗan lokaci.

A taronmu na baya, muna cikin maganar rabon taki, wani saurayi ya miƙe ya ce, "Malam, ku daina wahalar da mu. Talaka ba ya canja komai a ƙasar nan. In zaɓe ya zo mu karɓi taliyarmu da sabulunmu mu koma gida." Aka yi dariya. Ni ma na yi murmushi, amma maganar ta bi ni har gida ta hana ni barci. Yana nan a cikinmu yau, ba zan nuna shi ba. Ɗana, ban ga laifinka ba, abin da idonka ya gani ka faɗa. Sai dai akwai abin da ya faru a ƙasar nan kafin a haife ka, kuma mu manya muka yi sakaci ba mu gaya maka ba. Shi na zo in faɗa yau.

Bari in fara da tambaya. Su wa a nan suka taɓa riƙe takardar haraji da hannunsu? Ku ɗaga hannu. To, matasa ku juya ku duba. Duk hannun da kuka gani a sama, mai shi yana da furfura.

Kakana yana da wani tsohon gwangwani da yake sokewa a rufin ɗakinsa. Muna yara muna tsammani kuɗi ne a ciki. Ranar da ya buɗe mana, sai muka ga 'yan takardu ne da suka yi ja don tsufa, rasit na haraji, shekara bisa shekara. Bai iya karanta ko ɗaya ba. Ya ce dalilin ajiye su shi ne, wata shekara ya biya harajinsa, mai karɓa ya ce takarda ta ƙare, ya dawo gobe. Goben ba ta zo ba. Bayan wata guda aka zo aka ce sunansa yana cikin waɗanda ba su biya ba. Ya rantse, ya kawo shaidu, ba a saurare shi ba. Aka zaunar da shi a rana a ƙofar fada tun hantsi har la'asar, yara suna wucewa suna kallo, sai da kakarmu ta ja akuyarta zuwa kasuwa aka fanshe shi. Ba zan faɗi garin ba, ba zan faɗi mutumin ba, duk sun riga mu gidan gaskiya. Kuma na tabbata kusan kowane gida a nan yana da irin wannan labari.

Ya kamata matasa su gane yadda abin yake tafiya a wancan zamani. Mai unguwa ne yake ƙirga mazaje baligai. Shi zai tara kuɗin ya kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, hakimi ya aika Baitulmalin En'e a Kano, daga nan gwamnatin Turawa ta ɗauki nata kason. Ana karɓa ne da kaka, daidai lokacin da amfanin gona ya fi araha, domin kowa ya fito da nasa kasuwa a rana ɗaya. Gyaɗar da iyayenmu suka noma, wadda aka tara har ta zama dala a Kano, ba su ne suke yanka mata farashi ba, hukumar ciniki ce. Wanda gyaɗarsa ba ta kai ba ya jinginar da gona, ko ya sayar da hatsin da zai ci da damina, ko ya gudu cin rani. Fulani kuma suna biyan jangali a kan kowace saniya. Ban da wannan akwai aikin tilas: gyaran hanya, ɗaukar kayan Bature in ya fito rangadi, noman gandun manya ba ko sisi. A lokacin yaƙin duniya na biyu, daga 1942 zuwa 1944, an kwashi mutane daga lardunan Arewa zuwa haƙar kuza a Jos, abin da tsofaffi suke kira ɗiban gwamna, kuma da yawa ba su dawo ba.

Amma abin da ya fi duk wannan nauyi shi ne rashin wurin kai kuka. 'Yan doka na En'e ne. Kotun alƙali ta En'e ce, kuma ba a yarda lauya ya shiga ba. Gidan yari na En'e ne. Wato wanda za ka kai ƙara, da wanda zai kama ka, da wanda zai yi maka shari'a, da wanda zai kulle ka, duk 'yan gida ɗaya ne. Ina za ka?

A nan sai in yi adalci. Ba kowane mai unguwa ko dagaci ne azzalumi ba. Akwai waɗanda suka sayar da dokinsu suka cike giɓin haraji don kada a taɓa talakawansu, domin su ma in kuɗi bai cika ba rawaninsu ne a bakinsa. Jikokinsu maƙwabtanmu ne, muna zaman mutunci da su. Tsarin ne ya ba mugu dama, ya kuma ɗaure hannun na kirki.

Ranar 8 ga Agusta 1950, mutum takwas suka zauna a Kano suka kafa jam'iyyar NEPU, wadda da Hausa ake kira Jam'iyyar Neman Sawaba. A cikinsu akwai Abba Maikwaru, da Magaji Ɗambatta, da Mudi Sipikin, da Bello Ijumu wanda ma mutumin ƙasar Kabba ne. Ba sarakuna ba ne, ba attajirai ba ne. Malam Aminu Kano a lokacin yana koyarwa a makarantar horon malamai ta Maru. A ƙarshen shekarar ya ajiye aikin ya dawo Kano, a 1953 kuma ya zama shugaban jam'iyyar. Shi ɗan gidan malamai ne, mahaifinsa ya yi aiki a kotun alƙalin Kano, ya kuma yi karatu a Ingila. Da ya so, da ya zauna a inuwa ya ci albashi har ya tsufa.

Abin da suka fito da shi a takardar da suka kira sanarwar Sawaba, in na taƙaita da bakina, shi ne: talauci da jahilcin da talakawa suke ciki mutane ne suka ɗora su ta hanyar irin mulkin da ake yi, kuma ba wanda zai sauke musu sai su da kansu, in sun haɗa kai suka nemi ƙuri'a. Masana siyasa suna kiran irin wannan ra'ayi ra'ayin hagu. Asalin sunan daga Faransa ne, a majalisar 1789, inda masu goyon bayan sarki suka zauna dama da shugaban majalisa, masu neman sauyi suka zauna hagu. A wurinmu kun san hagu ba ta da farin jini, ba a miƙa wa babba abu da ita. Mutanen NEPU ba su wahalar da kansu da wannan suna ba. Kalmomi biyu suka riƙe, talakawa da sawaba, kuma kowace tsohuwa a ƙauye ta san ma'anarsu.

Yaya maganar ta iso ƙauyuka irin namu, babu waya, babu kwalta, rediyo ma sai gidan wane da wane? Ta kasuwa ta zo. Teloli, mahauta, 'yan koli, masu gyaran keke, malaman zaure, su ne suka ɗauko ta. Mutum zai yanki kati mai alamar tauraro da 'yan kwabbansa, ya ɓoye a hula. In sun haɗu gaisuwarsu ita ce "Sawaba", 'yan NPC masu alamar fartanya kuma su ce "Salama". Abin da suke koya wa mutane kuma ƙananan abubuwa ne da ake iya aikatawa gobe da safe. In ka biya haraji kada ka tashi sai an ba ka rasit. Ka tambayi nawa aka yanka wa unguwarku, mutum nawa ne a ciki. Noman gandun wani kyauta ba dole ba ne a kanka. In alƙali ya yanke maka hukuncin da ba ka yarda ba, akwai ɗaukaka ƙara. Kana iya gaida babba da ladabi ba tare da ka kwanta a ƙasa ba. Kakana bai taɓa yankar katin NEPU ba, tsoro yake ji, ya faɗa mana da bakinsa. Amma dabarar gwangwanin nan daga wani tela ɗan NEPU ya koye ta.

Kada ku ɗauka a banza suka yi. Kafin a yi lacca sai an nemi izni daga En'e, wato daga wanda za a yi maganarsa. In an hana suka yi, a kama su da laifin taro ba izni. In an bari suka yi, a kama su da laifin zagin sarki. An yi wa mutane bulala a bainar jama'a, an ɗaure su wata uku, wata shida, shekara. An ƙara wa wasu haraji don a karya su. An saki 'yan iska, irin waɗanda a Kano ake kira 'yan mahaukata, su fasa taro. Da jam'iyyar ta ƙulla ƙawance da NCNC ta su Azikiwe, daga baya kuma da UMBC ta Joseph Tarka, sai aka yi ta jifan su da cewa sun sayar da Arewa, sun bi waɗanda ba addininsu ɗaya ba. Wannan ya kamata mu lura da shi, mu musamman. Malam Aminu malami ne da yake tafsiri da azumi, amma bai ga abin kunya ba a tsayawa kafaɗa da kafaɗa da mutumin Tibi a kan maganar haƙƙi.

Kuma sun sha kaye. A zaɓen 1951 sun yi rinjaye a matakin farko a cikin birnin Kano, amma zaɓen hawa-hawa ne, kuma an ba En'e ikon cusa mutanenta a matakin ƙarshe. Da aka kai sama, ko kujera ɗaya ba su samu ba a majalisar Kaduna. A zaɓen tarayya na 1959 sun samu ƙuri'a fiye da rabin miliyan, amma kujeru 8 kawai suka ci, NPC ta kwashi 134. Ɗana mai maganar taliya, da kai ne a 1959, me za ka ce? Za ka ce shekara tara ana shan duka, ga sakamakon. Kuma ba wanda zai ce ka yi ƙarya a ranar.

Iyayena mata, yanzu na zo kanku. A wannan zaɓe na 1959 matan Kudu sun jefa ƙuri'a, matan Arewa ba su jefa ba. Doka ce ta hana, ba Musulma ba Kirista. NEPU ce ta tsaya a kan cewa a ba mata ƙuri'a a kuma sa 'ya'ya mata makaranta, a lokacin da faɗin haka yake jawo zagi. Wadda ta fi shan wuya a kan wannan ita ce Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, wadda aka haifa a 1933. Tana yarinya ƙarama ta shiga, ta zama shugabar matan jam'iyyar. Ta zo Kano tana bin gidaje tana yi wa matan kulle magana, aka kama ta aka ɗaure. An yi mata duka, an aske mata kai, ana lissafa cewa sau 16 ta shiga gidan yari. Sai a 1976 aka ba matan Arewa ƙuri'a, suka fara da zaɓen ƙananan hukumomi, sannan babban zaɓen 1979. Ta rasu a 2001, yau akwai babban asibiti a Zariya mai sunanta. Mama, katin zaɓen nan da ake zuwa har tsakar gida ana cewa ki kawo a rubuta lambarsa a ba ki atamfa, wata mace ce ta biya kuɗinsa da jikinta. Ban ce kada ki karɓi atamfa ba, na san halin da ake ciki. Na ce dai ki san farashin abin da ke hannunki.

Sojoji sun rushe jam'iyyu duka a 1966. Amma maganar ta riga ta shiga kunnuwa, ba ta fita. Bayan an ƙirƙiro jihar Kano a 1967, a 'yan shekarun da suka biyo aka karɓe 'yan doka da kotuna da gidajen yari daga hannun En'e, a 1976 kuma aka kafa ƙananan hukumomi irin waɗanda muka sani. Yawancin wannan abin da NEPU ta yi ta nema ne ana ɗaure ta. Da aka dawo siyasa, tsofaffin 'yan NEPU da matasa suka taru a PRP mai alamar mabuɗi. A 1979 ta ci gwamnan Kano da na Kaduna. Da hawan Muhammadu Abubakar Rimi a farkon Oktoba na shekarar ya soke haraji da jangali a jihar Kano, Balarabe Musa ma ya soke a Kaduna, sauran jihohin Arewa kuma suka ga ba su da mafita sai su bi. Ina yaro a lokacin. Na tuna mutane sun kewaye rediyo a gindin bishiya, wani dattijo yana ta tambaya, "Har na baɗi ma?" A 1980 gwamnatin ta kafa hukumar yaƙi da jahilci ta manya, kuma na san a cikinku akwai waɗanda a ajin yamma na wannan hukuma suka fara rubuta sunansu.

Daga 1950 zuwa 1979 shekara 29 ke nan. Wanda ya yanki kati yana saurayi, sai da ya yi jika ya ga ranar. Wasu ba su gan ta ba. Malam Sa'adu Zungur, wanda yake cikin manyan masu tunanin tafiyar, ya rasu tun 1958.

To, da a nan na tsaya da na yi muku daɗin baki. Akwai sauran labarin, kuma ba shi da daɗi. Ba a yi shekara biyu da cin zaɓe ba PRP ta tsage gida biyu, 'yan santsi na gwamnoni da 'yan taɓo na Malam Aminu. Mutanen da suka kwana a kurkuku ɗaya suka koma ba sa gaisawa. A watan Yuni 1981 majalisar Kaduna ta tsige Balarabe Musa. Ranar 10 ga Yuli 1981, bayan gwamnati ta aika wa Sarkin Kano takardar tuhuma, tarzoma ta tashi a birni, aka ƙona gine-ginen gwamnati, aka kashe Dakta Bala Muhammad, mai ba gwamna shawara kan siyasa. Malam Aminu ya rasu ranar 17 ga Afrilu 1983 jam'iyyarsa tana a rabe. A ƙarshen shekarar sojoji suka dawo, kuma ba a daɗe ba gwamnonin soja suka maido da haraji da jangali a jihohin Arewa, wani wuri da sabon suna. Babu wata ƙungiya mai ƙarfi da ta rage da za ta ce a'a. A ganina kuskuren shi ne, da aka ci zaɓe sai kowa ya saki aikin ƙauye ya zuba wa gidan gwamnati ido. Tela ya daina koyar da maganar rasit, ya koma jiran a ba shi kwangilar ɗinkin kayan makaranta. Kuma dole a faɗa, su ma 'yan sawaba sun riƙe nasu 'yan tauri da 'yan daba, kuma wannan ciwo har yau bai bar siyasar Kano ba.

Akwai wani abu kuma da na daɗe ina juyawa a raina, wataƙila wasu dattawa ba za su yarda da ni ba. Lokacin da kakanninmu suke biyan haraji da zufansu, suna jin zafin kuɗin, shi ya sa da aka ce musu su tambayi inda yake tafiya suka gane nan da nan. Yau yawancin kuɗin ƙaramar hukuma daga asusun tarayya yake zuwa kowane wata, sai muka ɗauka kuɗin gwamnati ne, ba namu ba. Wanda aka yi masa rijiya sai ya yi ta godiya kamar daga aljihun wani aka ciro. Ba ina roƙon a dawo da shanya mutane a rana ba ne, Allah ya kiyaye. Ina cewa an sauke mana kaya, mu kuma muka sauke tambaya tare da shi. Alhali kuwa abin da ake turo wa kowace ƙaramar hukuma ana buga shi wata-wata, yaron da ke da waya zai iya nemo na Kabo da na Gwarzo kafin mu tashi daga nan. A watan Yuli 2024 ma Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Hukunci a takarda daban, aiki da shi daban, kuma ba ya aiki inda ba mai tambaya.

Na san abin da ke zuciyar wasunku. Kuna cewa, su NEPU ai su ne masu yawa, mu kuwa 'yan tsiraru ne a ƙasar nan, in muka ɗaga murya mu za a fara gani. Gaskiya ne, kuma ban raina wannan tsoro ba. Na san a wasu wurare yaranmu sun sha wuya kafin su samu takardar shaidar asalinsu saboda sunan da ke kan takardar makarantarsu, alhali kakanninsu a nan aka binne su. Amma ku ji labarin baƙaƙen fata na garin Montgomery a Amurka, su ma 'yan tsiraru ne a ƙasarsu. Doka ta ce su zauna a bayan bas, in Bature ya rasa wuri su tashi. Ranar 1 ga Disamba 1955 wata mai ɗinki, Rosa Parks, ta ƙi tashi, aka kama ta. Mutane suka daina shiga bas har kwana 381. Ana yawan tuna Martin Luther King, wanda a lokacin fasto ne ɗan shekara 26, amma ba jawabinsa ne ya kai mutane wurin aiki ba. Mata ne suka buga takardu suka raba cikin dare. A majami'u ake taruwa da yamma, a tara kuɗin mai, a tsara wanda zai ɗauki wa a motarsa, sauran su taka da ƙafa. Ba su ɗauki makami ba, kuma suna yi suna bin shari'a a kotu har suka ci. Irin aikin da zumuntar mata take yi kowane mako ne, tara kuɗi, rubuta suna, sanin wanda bai zo ba da dalilinsa. Mun iya shi tun tuni.

Kuma mu muna da abin da kakanninmu ba su da shi. Sashe na 42 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya hana a nuna wa ɗan Nijeriya bambanci saboda ƙabilarsa, ko garinsu, ko addininsa, ko don mace ce. Sashe na 40 ya ba mu ikon taro da kafa ƙungiya. Sashe na 35 ya ce wanda aka kama a kai shi kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tsakanin kilomita 40, in babu cikin kwana biyu. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana a kama uba ko mata a madadin wanda ake nema. Dokar ilimi ta 2004 ta ce firamare da ƙaramar sakandare, shekara tara, kyauta ne kuma dole ne. Mutanen NEPU sai da suka nemi a rubuta irin waɗannan. Mu an rubuta, saura mu san su.

Sannan yawancin abin da yake damunmu bai san addini ba. Ajin da rufinsa ya yaye, ɗan Musulmi da ɗan Kirista ruwa ɗaya yake dukan su. Takin da ya ɓace a hanya, gonar Malam da gonar mai wa'azi duk sun rasa. Asibitin da ba ungozoma da dare bai tambayi mai naƙuda inda take sujada ba. Saboda haka shawarata ita ce, duk maganar da ta shafi gari kada mu tafi mu kaɗai. Ku fara da maƙwabcinku, ku je wurin liman, ku je wurin mai unguwa da dagaci da girmamawa, ku shiga Ruga ku gaida Arɗo. Sau da yawa za ku tarar su ma abin yana cin su, jira suke wani ya fara. Ranar da za ta zo da maganar da ta shafe mu mu kaɗai, wanda kuka yi tafiyar rufin makaranta tare da shi ya riga ya san fuskarku.

Ban zo da tutar kowa ba, wannan hukuma tamu ma ba ta da jam'iyya. A Kano yau kowane ɗan takara da sunan Malam Aminu yake rantsuwa, filin jirgin sama da asibitin koyarwa duk sunansa suke ɗauke da shi. In kun shiga birni ku je Gwammaja ku ga gidan da ya zauna, wanda yanzu ake kira Mambayya, ku gwada shi da gidajen masu rantsuwar. Daga nan kowa ya yi wa kansa hisabi.

Ga abin da nake roƙon kowane kwamiti ya yi kafin taronmu na bayan kaka. Ku zaɓi matsala ɗaya tak, wadda ake iya nunawa da yatsa, kada ku ɗauko goma. Ku samo gaskiyarta da lissafi: yara nawa ne a ajin, malamai nawa aka rubuta, nawa suke zuwa, buhu nawa aka ce an turo, nawa ya iso. Ku rubuta takarda da Hausa, gajeriya, ba zagi, kowa ya sa hannu ko ya dangwala. Ku yi kwafi biyu, wanda ya karɓa ya sa hannu da kwanan wata a kan naku. Kada mutum ɗaya ya tafi, ku tafi biyar ko shida, da mata a ciki, kuma kuɗin mota ya fito daga asusun kwamiti don kada wani ya ce shi ya kai ku. In an ce ku dawo, ku tambayi ranar, ku rubuta, ku koma a ranar. Za a ce ku dawo sau da yawa. Wanda aka kira gefe aka ba shi wani abu, ya zo ya faɗa a gaban kwamiti, ba za mu kore shi ba, amma mu sani.

Ku kuma matasa, ina da aiki na musamman a gare ku. Hannuwan nan da kuka gani a sama ɗazu suna raguwa kowace shekara. Kowannenku ya je wurin tsoho ɗaya ko tsohuwa ɗaya a garinsu, Musulmi ko Kirista, ɗan NEPU ko ɗan NPC, ya zauna ya tambaye shi yadda aka yi haraji a unguwarsu, wa aka kama, wa ya tsaya masa. Ku ɗauka a waya in ya yarda, ko ku rubuta a littafi ku kawo mana. Ɗana mai maganar taliya, kai ne za ka tattara su, na riga na gaya wa sakatare ya rubuta sunanka.

Bayan an ci abinci za mu rabu gida uku: masu maganar makaranta su zauna a nan ciki, masu maganar taki a gindin darbejiya, masu maganar asibiti kuma su bi shugabar zumuntar mata.